Kafin ka kawo Ba'indiye ko ɗan Chana aiki a kamfaninka: kwota, biza da katin zama

Duk wanda ke bin hanyar Jos ta wajen Dakace ko yake leƙa Chikaji a 'yan shekarun nan ya san yadda ƙananan masana'antu ke ta tsirowa a Zariya, wannan na casar shinkafa, wancan na haɗa abincin kaji, wani na matse waken suya, kuma kusan duk injinan nan daga Indiya ne ko Chana ko Turkiyya ake lodo su. Toh shi inji ba ya zuwa shi kaɗai, dole akwai wanda zai kafa shi, wani lokacin ma har da wanda zai zauna da shi shekara biyu uku kafin yaranmu su gane kansa. A nan ne mutanenmu da yawa ke shiga rigimar da ba su shirya mata ba.

Ni aikina a kamfanin da nake shi ne yawon takardu, Kaduna yau, Abuja gobe. Kuma da kuskure na fara koyon abun nan. Lokacin da injinmu na farko ya iso, mai gida ya kira ni ya ce Malam ai ba wani abu bane, a yanka wa wanda zai kafa injin tikiti kawai ya taho. Wani ejan da aka haɗa mu da shi ya ce ranka ya daɗe ka bar min komai, sati biyu mutuminka yana Zariya. Haka kuwa aka yi, ya nemo masa bizar kasuwanci, irin wadda ake ba mai zuwa taro ko ganin kaya, bawan Allah ya sauka a Kano muka ɗauko shi ya kama aiki. Ana cikin wata na biyu sai ga jami'an shige da fice sun zo duba ma'aikata. Ina tuna shi tsaye a ofis, hannu duk baƙin mai yana gogewa da tsumma, jami'in yana buɗe fasfo ɗinsa shafi shafi a nutse ba tare da ya ɗago ba, can sai ya ce Alhaji ina kwotarku? Wallahi Alhaji mai gidanmu ya ɗauka kwata ake nufi, ya nuna bayan gini ya ce yallaɓai ai mun yi magudanar ruwa mai kyau. Ba wanda ya yi dariya. Ƙarshenta dai sai da mutumin ya koma ƙasarsu muka faro komai daga tushe, inji na zaune an lulluɓe shi da tamfol, ejan kuma wayarsa ta daina shiga.

Abun da ya kamata kowa ya fara riƙewa shi ne, izinin nan ba na baƙon bane, na kamfani ne. Gwamnati ba ta ce wa mutum zo Najeriya ka nemi aiki, kamfani take ba gurbi, ta ce mun yarda ka ɗauki ɗan ƙasar waje mutum ɗaya a matsayin injiniyan kula da inji kaza, na tsawon shekara kaza. Wannan gurbin shi ake kira kwota. Sai da kwota ake neman biza, sai an shigo da bizar ake neman katin zama. In ka juya jerin nan ka ɗora na biyu kan na farko, ka yi asarar kuɗin jirgi. Dokar da ke kan lamarin ita ce dokar shige da fice ta 2015 wadda ta maye gurbin ta 1963, sai ƙa'idojin da aka fitar a 2017, sai kuma littafin jagorar kwota da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta sabunta a 2022. Ofis biyu zaka yi ta mu'amala da su kuma kar ka haɗa su, ita ma'aikatar ita ke ba da kwota, ita kuma Hukumar Shige da Fice, wato imigireshin, ita ke da biza da kati da zuwa dubawa.

Amma tun kafin ka kashe ko sisi, zauna ka tambayi kanka, mutumin nan zuwa zai yi ya kafa inji ya koma, ko zama zai yi?

In kafa inji ne kawai, ko gyara, ko ya koya wa yara na 'yan makonni, ba ka buƙatar kwota sam. Akwai izinin aiki na wucin gadi da ake kira TWP. Kamfaninka ne zai nema daga Kwanturola Janar na shige da fice, ka haɗa da takardar rajistar kamfani, da kwafin shafin fasfo ɗin mutumin, da shaidar aikin da zai zo yi kamar kwantiragin siyan injin ko takardar odar, in an amince sai ya samu bizarsa. Yawanci bai wuce kwana 90 ba. Da mun san wannan tun farko da Alhaji bai yi maganar kwata ba. Sai dai kar ka mai da shi hanyar zama, wato mutum ya zo wata uku ya fita ya dawo wata uku ya fita haka har shekara biyu, su ma suna da ido kuma komai yanzu yana kwamfuta.

Tambaya ta biyu, ɗan wace ƙasa ne? In ɗan ƙasashen ECOWAS ne, Gana, Benin, Togo, Sanagal da sauransu, yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 ta ba shi damar shigowa ba biza har kwana 90, kuma ba sai ka nema masa kwota ba, abun da zai yi shi ne rajista da shige da fice ya karɓi katin zama na ECOWAS. Mutane na rainawa su ce ai ɗan Kwatano ne mai ɗaura tayil, waye zai tambaye shi, toh ranar da aka tambaya kai mai gida za a fara riƙewa. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025, amma a lokacin ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo ɗinsu da barinsu zirga-zirga har sai an ji sabon umarni, don haka in ɗan Maraɗi ne ko Damagaram zaka ɗauka, leƙa ofishin shige da fice ka ji matsayin da ake kai a ranar. Su kuwa Chadi da Kamaru duk da maƙwabtaka ba 'yan ECOWAS bane, haka Sudan da Masar. Na faɗi wannan ne saboda masu makarantun Islamiyya da ke son kawo malamin Larabci daga Khartum ko Alƙahira, da masu asibitocin kuɗi da ke son kawo likita, ku ma layinku ɗaya da mai kawo ɗan Chana.

Toh mu ce zama zai yi, kuma ba ɗan ECOWAS bane. Sai a fara gyara gida.

Rajistar sunan kasuwanci irin wadda ake yi wa shago ba za ta kai ka ko'ina ba, ana buƙatar cikakken kamfani mai rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, mai takardar kafuwa da kundin dokokin kamfani da bayanin daraktoci da masu hannun jari. In kamfanin na 'yan Najeriya ne zalla, kwota kawai zaka nema. In kuwa akwai hannun ɗan waje a ciki, ko da abokin kasuwancinka ne na Guangzhou da ka ba kaso kaɗan don ya kawo inji, lissafin ya canza, sai kun nemi lasisin kasuwanci daga ma'aikatar cikin gida, kuma littafin 2022 ya ce jarin irin wannan kamfanin kar ya gaza naira miliyan 100, a da miliyan 10 ne. Sannan sai kun yi rajista da hukumar bunƙasa zuba jari ta NIPC, kuma in kuɗi ko inji ya shigo daga waje a matsayin jari, bankinku ya ba ku takardar shaidar shigo da jari. Wannan takardar ka bi ta tun lokacin da kuɗin ke shigowa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Sauran takardun da za a nema ba baƙi bane ga wanda ke tafiyar da kamfaninsa tsaf: shaidar biyan haraji ta yanzu, takardar filin da masana'anta take ko yarjejeniyar haya, takarda daga banki, rahoton tsarin kasuwanci, lasisin hukumar da ke kula da harkar da kake yi in akwai, shaidar shigo da injin wato takardun tashar ruwa da na kwastan, in kamfanin ya daɗe yana aiki har da rahoton odita. Yanzu ta intanet ake cikewa a shafin ma'aikatar, sashen 'yan ƙasa da kasuwanci ne ke dubawa, a can zaka ɗora takardu ka biya kuɗi ka ciro rasit. Shawarata a nan, kamfani ya buɗe akawun ɗin da imel ɗinsa da lambar wayarsa, ko lauya ne zai yi muku aikin. Na ga inda ejan ya buɗe da nasa imel, da aka ɓata sai ya riƙe fasuwod, lokacin sabuntawa ya zo kamfani ba shi da hanyar shiga fayil ɗinsa sai da aka yi ta rubuce-rubuce. Kuma duk kuɗin gwamnati ka tabbata asusun gwamnati ya shiga ka ga rasit da idonka, wanda ya ce turo ta akawun ɗina zan biya maka, ka ce masa Allah ya ba da sa'a.

Inda aikin yake na gaske shi ne bayanin gurbin. A nan ake faɗuwa, a nan ake ci. Dole ka rubuta sunan muƙamin, da ayyukan da mai shi zai yi, da irin karatu da gogewar da ake buƙata, da albashin da za a biya, da dalilin da ya sa ba ka ɗauki ɗan Najeriya ba. Tun Fabrairun 2018 da shugaba Buhari ya sa hannu kan umarnin shugaban ƙasa mai lamba 5, an hana ma'aikatar ba da biza ga baƙon da ake da masu irin ƙwarewarsa a gida. Kaga kenan in ka rubuta kana neman akanta ko mai kula da sito ko direban babbar mota, ka ɓata kuɗinka, balle kai da adireshinka ke cewa Zariya, garin da aka kafa jami'ar ABU tun 1962 ga Nuhu Bamalli ga kwalejin jiragen sama. Ka rubuta abun da yake gaskiya kuma ka faɗe shi dalla dalla. Injiniya kawai bai isa ba. Ka ce injiniyan da zai kula da na'urar tace shinkafa mai rarrabe ƙwaya da launi, samfurin kaza, wanda ya yi shekara kaza yana aiki da irinta, kuma ka haɗa da takardun injin. Mai dubawa ya ga inji, ya ga mutum, ya ga dalili.

Kuma sunan muƙamin nan ka riƙe shi kamar lambar waya. Yadda aka rubuta shi a takardar kwota haka zai fito a takardar ɗaukar aiki, haka a fom ɗin biza, haka a katin zama. In kwota ta ce manajan sarrafawa kai kuma ka rubuta masa janar manaja don ka faranta masa rai, ofishin jakadanci zai dawo da fayil, ko kuma a bar ka sai ranar da aka zo dubawa a tarar da shi kan kujerar da ba tasa ba.

Sai maganar masu koyo. Kowane gurbi ɗaya sai ka haɗa shi da 'yan Najeriya biyu da za su riƙa bin baƙon suna koyon aikin har su gaje shi, masu digiri ko babbar difloma a fannin, kuma ka miƙa tsarin horon da za a yi musu. Galibin kamfanoni abun da suke yi shi ne su ɗauki sunan ɗan ƙanin mai gida da na yaron da ke ofis su cike gurbin, shikenan an wuce wurin. Ni a ganina wannan shi ne wauta mafi tsada a duk harkar. Ka duba fa, kana biyan mutum da dala, kana biya masa haya a GRA, kana biyan tikitin hutu, kana biyan kuɗin kati duk shekara, sannan ka bar shi ya koma da ilimin a kansa? Mu a zagaye na biyu yara biyu muka ɗauka, ɗaya ya gama injiniyan lantarki a ABU Samaru ɗaya ya yi kanikanci a foli, Alhaji ya ce musu ko bayi ya shiga ku tsaya a ƙofa. Akwai wani littafi mai bangon kwali da ɗayan ke yawo da shi, duk ya yi maiƙo, duk lambar da na'ura ta nuna in ta tsaya sai ya rubuta, ya rubuta abun da Ba'indiyen ya taɓa, rabi da Turanci rabi da Hausa har da zane. Ranar da mutumin ya tafi hutu inji ya tsaya tsakar dare lokacin kaka ga motoci a layi, da littafin nan aka tada shi. Ban da wannan ma, ƙa'idojin 2017 sun sa tara mai nauyi kan kamfanin da ya bar gurbi ba masu koyo, kuma lokacin sabuntawa za a tambayi sunayensu da lambar NIN da shaidar cewa ana biyansu albashi ana cire musu haraji.

In komai ya yi daidai za a fitar maka da takardar amincewa mai ɗauke da muƙaman da adadinsu da wa'adinsu. A tsarin littafin 2022 shekara uku ake fara bayarwa, sannan a sabunta shekara bibbiyu sau biyu, jimilla shekara bakwai, daga nan ana sa ran ɗan gida ya karɓa. Akwai wani nau'in na dindindin har sai an sake dubawa, wanda ake ba masu kamfani ko shugabanninsa don kare jarinsu, wannan yana da nasa sharuɗɗan kuma ba na injiniya bane. Masu harkar mai da gas su sai sun fara bi ta hukumar NCDMB mai kula da shigar da 'yan gida cikin harkar, amma mu nan ba ruwanmu da wannan.

Da kwota a hannu, yanzu ne zaka waiwayi mutuminka. Bizar da zai nema sunanta STR, ma'ana ya shigo bisa sharaɗin zai daidaita zamansa bayan ya iso. A ofishin jakadancin Najeriya na ƙasarsa zai nema ko ƙasar da yake zaune bisa ƙa'ida, ɗan Indiya a New Delhi, ɗan Chana a Beijing ko ƙananan ofisoshinmu na Shanghai da Guangzhou, ɗan Masar a Alƙahira. Kai zaka tura masa takardar ɗaukar aiki, da kwafin kwota, da takardar rajistar kamfani, da wasiƙar neman biza, shi kuma ya haɗa da takardar karɓar aiki da ya sa wa hannu, da takardun karatunsa, da tarihin aikinsa, da fasfo mai sauran aƙalla wata shida. In babban muƙami ne kamar manajan darakta har da ƙudurin hukumar daraktoci. Ka tuna masa katin allurar shawara, ana tambaya a filin jirgi.

Cikin wasiƙar nan ta neman biza akwai jimla ɗaya da mutane ke sa wa hannu ba su karanta ba, inda kamfani ke cewa ya ɗauki alhakin shige da ficen wannan mutum. Ba ado bane. Ma'anarta in ya wuce wa'adi kai ne, in ya ɓace kai ne, in an ce a mai da shi gida kai zaka yanki tikiti, in ya zo da mata da yara su ma suna wuyanka. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi ya sa duk wanda ya zo maka da maganar Alhaji ara min gurbi ɗaya cikin kwotarka in shigo da wani mutumina zan ba ka kaza, ka guje shi ko ɗan uwanka ne, sayar da gurbi laifi ne kuma sunanka ne a takarda ba nasa ba.

Kar ka manta da hukumomin sana'a. Injiniya sai da rajistar COREN, likita sai MDCN ta ba shi lasisi kafin ya taɓa majinyaci, malamin makaranta akwai TRCN, masu jinya da masu haɗa magani kowa da tasa hukumar. Kwota ba ta maye gurbin wannan, kuma gara a fara bin sa tun mutumin yana can.

Ya sauka. Daga ranar da aka buga masa hatimi a filin jirgi kana da kwana 90 ka nema masa katin zama, wato CERPAC, wanda shi ne izinin zama da na aiki a haɗe. Ni ranar da na ɗauko mutum daga filin jirgi a motar nake ɗaukar hoton shafin hatimin da wayata, in na dawo ofis in rubuta ranar a kalandar bango da jan biro, don kwana 90 in ana tsakiyar kaka kamar sati biyu ne. Kamfani zai rubuta takardar neman daidaita zama, a haɗa da takardun da ofishin jakadanci ya tantance, da kwota, da fasfo, da hotuna, a biya kuɗi, a ɗauki hoton yatsunsa. Mu na Zariya ofishin shige da fice na jiha da ke Kaduna muke bi, hedikwatar hukumar kuma tana Sauka kan hanyar filin jirgin Abuja in abu ya kai ga can. Kafin katin ya fito akwai shaidar wucin gadi da yake riƙewa, kar ta yi nisa da aljihunsa musamman in zai bi hanyar Kano ko Abuja inda ake tsayar da mota. Katin yawanci shekara ɗaya yake yi a sabunta, kuma ba zai wuce wa'adin kwota ba. Matarsa da yara kowa da nasa katin, amma nasu na zama ne kawai, matar ba za ta kama koyarwa a makarantar unguwa da shi ba.

Maganar kuɗi kuwa ka shirya da dala a ranka. A ƙarshen 2018 aka ninka kuɗin katin daga dala 1,000 zuwa dala 2,000 a shekara, kuma ka san kuɗin gwamnati ba ya komawa baya, don haka ka duba na ranar a shafin hukumar kafin ka ba mai gida lissafi. A Fabrairun 2024 gwamnatin Tinubu ta ɓullo da wani haraji kan kamfanonin da ke ɗaukar baƙi, dala 15,000 kan darakta, dala 10,000 kan sauran ma'aikata duk shekara, masu masana'antu suka yi ca, cikin watan Maris aka dakatar. Ranar da labarin ya fito Alhaji ya kira ni bayan Isha'i ya ce Malam lissafa min buhun shinkafa nawa kenan. Sannan daga 1 ga Mayun 2025, ƙarƙashin minista Olubunmi Tunji-Ojo, aka ƙara mai da harkar kan intanet, aka kawo bizar intanet a madadin wadda ake bugawa a filin jirgi, da fom ɗin shiga da na fita da ake cikewa ta waya, aka kuma sanar da tarar dala 15 kan kowace rana da baƙo ya ƙara bayan bizarsa ta ƙare. Abun da wannan ke nufi gare ka shi ne irin dabarar da ejan ɗinmu ya yi mana a da, yanzu tun daga filin jirgi take tonuwa.

Wasu da zarar kati ya fito sai su jefa fayil a durowa, alhali aikin wata wata ne ya fara. Duk wata kamfani zai miƙa wa shige da fice rahoton baƙin da ke wurinsa, suna, ƙasa, lambar fasfo, muƙami, inda yake zaune, lambar kati da ranar ƙarewarsa, da sunayen masu koyo, ko ba abun da ya canza sai an kai. Rashin kai rahoton ko ƙin sabunta kwota kan lokaci, ƙa'idojin 2017 sun sa masa tarar naira miliyan 3, kuma ranar sabuntawa kwafin rahotannin nan masu hatimi za a ce ka kawo. Ni fayil guda na ware musu, kore, ba mai taɓa shi. Harajin albashinsa kuma hukumar tara haraji ta jihar Kaduna ake biya kamar na kowane ma'aikaci, kar ka ce ai a ƙasarsu ake tura masa kuɗin, takardar harajinsa na cikin abun da ake nema in an zo sabuntawa. Ita sabuntawar kwota ka fara ta da sauran watanni, don in kwota ta mutu kati ba ya sabuntuwa, in kati ya mutu mutuminka ya zama mai zaman haram a cikin harabarka.

Wani abu da ke yawan faruwa a nan, ka ga ƙwararre yana aiki a wani kamfani a Kano ko Kaduna kana son ɗauke shi. Katin da ke hannunsa na wancan kamfanin ne, bai ba shi damar taka naka ba. Sai kana da gurbi a taka kwotar wanda ya dace da shi, sai tsohon mai gidansa ya ba da takardar ba shi da ja, sannan a nemi shige da fice ta sauya masa wurin aiki. In an rabu dutse a hannun riga tsohon mai gida ya ƙi ba da takardar, yawanci sai dai ya fita ya sake shigowa da sabuwar biza. Haka in a cikin kamfaninka ka ƙara masa girma, sai an nemi sauyin muƙami a takarda kafin ya koma sabon ofis.

Ranar da ya gama zai tafi gaba ɗaya, bayan an ci tuwon sallama an ba shi babbar riga da hula, ka karɓi katin zamansa kafin ya hau mota, ka rubuta wa shige da fice cewa a cire sunansa daga gurbin, ka haɗa da katin da kwafin tikiti da shafin hatimin fita wanda zai turo maka ta WhatsApp in ya sauka. Sai an cire shi gurbin zai zama fanko da zaka iya sa wani, in ba haka ba a takarda yana nan Zariya yana aiki kuma alhakinsa na wuyanka. Takardar da za su ba ka ta cirewar ka yi mata hoto biyu, ɗaya a fayil ɗin ofis, ɗaya a gida wurin mai gida.